Bush a Chichijima: jarumi ne?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Abin yana ci mini rai yadda ba a ambaton George Bush babba, tsohon shugaban Amurka, a zauren nan sai da zagi, alhali shekararsa 20 kacal lokacin da Japanawa suka harbi jirgin saman yaƙin da yake tuƙawa a tsibirin Chichijima na Japan, ranar 2 ga Satumba 1944. Injin na cin wuta, amma sai da ya saki bamabamansa kan tashar rediyon da aka tura shi, sannan ya diro da laima cikin teku, ya yi kusan awa huɗu a kwalekwalen roba kafin jirgin ƙarƙashin ruwa Finback ya tsamo shi. Wannan jarumi ne.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Kalmar jarumi ce ban yarda da ita ba. Su uku ne a cikin jirgin nasa samfurin Avenger, abokan aikinsa Delaney da White ba su dawo ba, kuma a 1988 wani maharbin jirgin da ke kusa da nasa ya ce bai ga wuta ba, ya ce da Bush ya sauke jirgin a kan ruwa wataƙila da sun rayu.

Baban Khalifa: Malam, shaidar mutum ɗaya za mu ɗauka, bayan shekara 44, a shekarar da Bush ke takarar shugabancin ƙasa?

Maman Ummi: Ni jarumi a wurina kakana ne, Allah ya jiƙansa, wanda ya yaƙi Japanawan nan a dajin Bama a ƙafa. Har ya rasu akwai tabon harsashi a ƙwaurinsa, yakan ɗage wando ya nuna mana.

Ɗan Fagge: Hajiya ta yi gaskiya. Wanda ya yi wa Bagadaza ruwan bamabamai a 1991 bai cancanci wannan suna ba. Yayana a shekarar aka haife shi, kuma Saddam aka raɗa masa.

Baban Khalifa: Ƙanena, ai Saddam ɗin ne ya fara mamaye Kuwait a Agustan 1990.

Ɗan Fagge: Yaya, in raina sunan ɗan'uwana kake so ka yi, ka fito fili.

Shugaban Zaure: Mu tsaya nan. Abin da na fahimta shi ne yawancinmu sun ƙi kalmar jarumi, kuma hujjar Malam ba ta samu gamsasshiyar amsa ba. Allah ya jiƙan kakan Hajiya da sauran mazajen Bama. An rufe muhawara.