Babu madubi, to da me ake gane inda fashewar hasken gama ta fito?

Sani_Fiziks: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hasken gama (gamma), wato haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani, wanda kan fashe kwatsam daga can nesa a sararin samaniya, ratsa madubi yake yi, ba a iya tattara shi kamar hasken taurari. To da me taurarin ɗan'adam Fermi da Swift suke gane sashen sama da fashewar ta fito?

Malama_Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam Sani. Fermi, da aka harba a 2008, yana da na'urar GBM mai idanu 12 (na'urorin ƙirga hasken gama) na sinadarin sodiyam ayodayid, kowane ido da inda ya fuskanta. Wanda fashewar ta zo wa kai tsaye ya fi ƙirga haske, wanda ta zo wa a karkace ya ƙirga kaɗan. Daga wannan bambancin ake lissafo wurin. Sai dai kuskuren kan kai digiri da dama, alhali faɗin cikakken wata rabin digiri ne kacal.

Injiniya_Bello: Dabarar Swift ta fi burge ni: inuwa yake karantawa. A saman na'urarsa BAT akwai faifai mai ƙananan falle-fallen dalma kusan 52,000, an jera su da giɓi barkatai. Mita ɗaya ƙasa da shi akwai ƙananan idanu 32,768. Dalma ta tare haske, giɓi ya bar shi ya wuce, sai inuwar faifan ta faɗa kan idanun. Yadda inuwar ta goce shi ke nuna kusurwar, kuma kuskuren bai wuce kashi 4 cikin 60 na digiri ba. An ƙera Swift ne ta yadda nan take zai juya da kansa, cikin minti ɗaya ko biyu, ya auna wurin da madubinsa na eksire kafin ragowar hasken ya dushe. Illarsa, wajen kashi ɗaya cikin shida na sama kawai yake gani, GBM kuwa duk inda duniya ba ta kare ba yana gani.

Malama_Hadiza: Kuma ba duk ƙararrawa ce gaskiya ba. Tartsatsin rana da hasken gama na tsawar hadari duk suna tayar da GBM. A kan Kudancin Tekun Atlantika, inda ƙwayoyi masu caji ke saukowa ƙasa-ƙasa, dole a dakatar da idanun, fashewar da ta zo a lokacin ta wuce ke nan. Ta ranar 9 ga Oktoba 2022 kuwa ƙarfinta ya cika idanun har ƙidayar ta rikice, sai daga baya aka sake lissafa ainihin haskenta.