Koci, kociya ko mai horarwa: wacce za ta ɗauki Eddie Robinson?

Jama'a, ina neman shawararku kan kalma ɗaya. Kwana uku ke nan ina son rubuta tarihin wani Ba'amurke baƙar fata mai suna Eddie Robinson, amma na tsaya cak a layin farko. Turawa coach suke ce masa. Mu a gidan kallon ƙwallo koci muke cewa, wasu su ce kociya, 'yan jarida kuma su ce mai horarwa. Na gwada masa kowacce, sai in ga kamar rigar ta yi masa kaɗan.

Bari ku san mutumin tukuna. An haife shi a 1919 a jihar Louisiana, mahaifinsa manomi ne mai noma gonar wani a raba amfani. A 1941, yana da shekara 22, yana aiki a masana'antar abincin dabbobi a Baton Rouge, wata ƙaramar kwalejin baƙar fata da ke garin Grambling ta ɗauke shi ya riƙe mata ƙungiyar ƙwallo. Bai bar wurin ba sai 1997. Ya ci wasa 408, kuma a 1985 ya wuce 323 na wani koci mai suna Bear Bryant, wanda a lokacin ba a taɓa samun mai yawan nasararsa ba a wasan jami'o'i.

Wasan ba irin ƙwallon ƙafarmu ba ne. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, a hannu ake rungumarta a ruga, a jefa, a kayar da juna. Ni zari-rugar Amurka nake ce masa, kuma ban ga dalilin canzawa ba.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. Lokacin da ya fara ba shi da mataimaki ko ɗaya. Shi ke yanke ciyawar fili, shi ke zana layuka, shi ke ɗaure wa yara idon sawu kafin wasa. In an tashi ya zauna ya rubuta labarin wasan da hannunsa ya aika wa jaridu. In za su yi tafiya yakan haɗa musu burodi su tafi da shi, domin a kudancin Amurka na wancan zamani gidajen abinci da yawa ba sa sayar wa baƙar fata. Da wannan halin ne a 1942 yaransa suka buga wasa 9, suka cinye duka, ba wanda ya zura musu maki ko ɗaya.

Sannan ga ƙararrawa. Da sassafe yakan bi ɗakunan kwanan 'yan wasansa yana kaɗa irin ƙararrawar da ake rataya wa saniya, a tashi a karya kumallo a tafi aji. In za a fita gari kuwa sai da kwat da laktaye.

Saboda ƙararrawar nan wani ɗan'uwa ya ce mini a kira shi malami kawai, ai aikin malamin tsangaya ke nan, iyaye su kawo yaro su ce ga amana, malam ya tashe shi da asuba. Na ji daɗin wannan ƙwarai, kuma ta kusa. Matsalar ita ce a jami'a muke. In na rubuta "malami a Grambling" kowa zai ɗauka mai koyarwa a aji ne. Wani ya kawo ubangida. Ban karɓa ba, domin ubangida kana ƙarƙashinsa ne kana yi masa hidima, shi kuwa Robinson shirya yara yake su tafi su bar shi. Jagora ta yi faɗi da yawa.

Da na ƙi mai horarwa, dalilina shi ne ina jin ta kamar mutum mai usur a baki yana sa yara zagaye fili. Kawuna ne ya gyara mini tunani, tsoho ne da ya yi shekaru yana kiwon dawaki. Na ba shi labarin, ya ce, "Ɗana, kai ne ka raina horo. Abin da kake nufi atisaye ne." Na tuna yadda nake ganinsa da ɗan doki sabo: makonni yana shafa masa wuya, yana ba shi dusa da hannu, ya fara ɗora masa tsumma a baya kafin sirdi, linzami sai can daga baya. Ranar da dokin ya yi tutsu ya sha faɗa, ranar da ya yi daidai ya sha lallashi. Duk wannan kawu horo yake ce masa.

Ku duba yadda muke amfani da kalmar. Yaro ya shigo ya durƙusa ya gaida manya, a ce ya samu horo. Ya yi laifi malam ya hukunta shi, a ce an yi masa horo. Soja ya yi wata shida a bariki, shi ma horo ne. Tarbiyya, ladabtarwa da koyar da sana'a duk suna cikin kalma ɗaya, kuma su ne ukun da Robinson ya shekara fiye da hamsin yana yi. Sama da yaransa 200 sun shiga gasannin ƙwararru, musamman babbar gasar Amurka ta NFL. Ɗaya daga cikinsu, Tank Younger, shi ya buɗe ƙofar a 1949. Doug Williams kuwa a 1988 ya zama baƙar fata na farko da ya ci Super Bowl, wato kofin gasar NFL, a matsayin mai jefa ƙwallon da ke jan ragamar hari, kuma shi ya dawo Grambling ya gaji kujerar Robinson a 1998.

To koci fa? Ba zan yar da ita ba. Asalinta sunan wani ƙauye ne a ƙasar Hangari, Kocs, inda ake ƙera keken doki, har keken ya ɗauki sunan garin. 'Yan Hangari kusan "koci" suke furta sunan keken, kamar mu. Daga baya ɗaliban Ingila suka laƙaba wa malamin da ke ɗaukar ɗalibi ya tsallakar da shi jarrabawa, daga nan ta shiga wasanni. Amfaninta a wurinmu shi ne kira. Ba yaron da zai tsaya a fili ya ce "Mai horarwa, na ji ciwo." Koci zai ce, kamar yadda ake cewa Malam ko Likita.

Kociya ce nake da ja a kanta. Ƙarshenta na mace ne a kunnen Bahaushe, amma kullum muna jin "kociyan ƙungiya kaza" ana nufin namiji. Shawarata a bar koci ga namiji, kociya ga mace, jam'i kociyoyi. Na san baki ya riga ya saba, sai dai a rubuce za mu iya kiyayewa.

Saboda haka layina na farko zai zama: "Eddie Robinson, mai horar da 'yan zari-rugar Jami'ar Grambling, ya rasu a watan Afrilun 2007 yana da shekara 88." In tsofaffin yaransa ne ke magana a cikin labarin, Koci za su ce.

Saura abu ɗaya. Horarwa ko horaswa? Kunnena ya fi sabawa da ta farko, amma ina son jin bakin mutanen Sakkwato, Katsina da Maraɗi kafin in miƙa rubutun.