An ƙara mini ƙarfin maganin tiroyid, har yanzu shiru

Mai tambaya, unguwar Zariya: Salamu alaikum. Shekara biyu ke nan da aka gano tiroyid ɗina, wato halittar nan ta gaban wuya mai daidaita aikin jiki, ta yi sanyi, ba ta aiki yadda ya kamata. Ba ni da maƙoƙo a wuya. Kasala ce ta kai ni likita, da zubar gashi, da jin ɗari har a watan Afrilu da kowa ke kwana a tsakar gida. Levothyrox, maganin tiroyid, mai ƙarfin 50 nake sha. Awon jinin watan jiya TSH, wato sinadarin da ke hawa a jini in tiroyid ta yi sanyi, ta kai 9, likita ya maida ni 75. Yau kwana 12, jikin yana nan yadda yake. In ƙara rabin ƙwaya da kaina?

Wata Hajiya, unguwar Ali Ɗan Sofo: Ƙanwata, don girman Allah kar ki ƙara. Ni na yi, na sha wuya. Ina kan 75, na ga kamar ba ya yi, na riƙa haɗa ɗaya da rabi ban faɗa wa kowa ba. Sati uku ban ga komai ba, har na ce na dace. Sai zuciya ta fara dakan sakwara, zufa ko da asuba, barci ya ƙaurace, hannu na rawa har zare ba na iya zurawa a allura. Mutanen gida suka fara zancen iska. Da aka auna, TSH ta faɗi ƙasa da 0,1, alhali ana son ta tsakanin 0,4 da 4. Likita ya ce maganin nan taruwa yake a jini sannu a hankali, wanda kika sha yau sai bayan kusan mako rabinsa ke fita. Shi ya sa ake jiran sati 6 zuwa 8 kafin a sake awo. Kwana 12 ko gari bai waye ba tukuna. Wata biyu na yi kafin zuciyata ta lafa, kuma har yau tunawa nake da tsoro.

Mai sana'ar awara, Bagalam: Yaya, da me kike haɗiye ƙwayar? Ni da koko nake korawa, in bi da awarar da na soya ta farko. Sau biyu ana ƙara mini, TSH ta ƙi sauka daga 8. Wata malamar asibiti ce ta zaunar da ni ta tambayi karin kumallona, ta ce waken suya yana tare maganin a hanji, haka madara da kafe. Na koma sha da ruwa zalla in na tashi sallar asuba, ba na sa komai a baki sai an yi awa guda. Ƙwayar nan dai, ba a ƙara ba, awo na gaba ya nuna 3.

Direba, hanyar Ɗan Isa: Mu maza ma muna ciki. Nawa a aljihun mota nake ajiyewa, rana ta dafa shi. A kwalin an rubuta kar ya wuce digiri 25, motata kuwa tanda ce. Na tire ma na daina saye, sai farmasi.

Mai jego, Tibiri: In akwai zancen ciki a gabanki, ki faɗa wa likita tun ranar da kika ga ɓatan wata. Ni daga 100 aka kai ni 125, ana awo duk wata, bayan haihuwa aka maida ni 100. Jan maganin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awon ciki kuwa, awa 4 ake sa wa tsakaninsa da wannan. Ni da rana nake shan na jinin.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Hajiya, na aje hannuna, ba zan ƙara ba. Ƙanwata ta Bagalam, kin taɓo ni: da shayi mai madara nake sha tun farko. Gobe zan fara da ruwa. Saura azumi, da sahur kuke sha?

Hajiya: Ni da dare, in zan kwanta, bayan awa 3 da cin tuwo. Da sahur ba na iya zaman jiran awa guda ga yara ga tukunya. Ki kai wa likitanki maganar shayin nan ma, don in kin gyara shan, 75 ɗin na iya yi miki yawa.