Rahoton matsala da fitowar sabuwar Debian: me ya taɓa faruwa da ku?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A tsarin Debian, wani nau'in Linux da ke tafiyar da kwamfuta, duk matsalar da aka yi wa alamar critical, grave ko serious, wato matakan tsanani mafi girma, tana iya hana manhaja shiga sabuwar siga, kuma idan ta daɗe ba gyara, ana cire manhajar daga reshen testing, inda ake shirya siga mai zuwa, kai tsaye, tare da waɗanda suka dogara da ita, in dai ba ta cikin manyan manhajojin da aka keɓe. Ina roƙon wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba mu labari.

Malamin kwamfuta:
Wa alaikumus salam. Ni laifina ne, ba na kowa ba. Gab da fitowar bookworm, wato Debian 12, a watan Yunin 2023, na aika rahoto ta imel da hannuna maimakon in yi amfani da reportbug, manhajar aika rahoton matsala, na manta layin da ake rubuta lambar siga, sannan don zafin rai na sa masa serious. Da yake babu lamba, tsarin ya ɗauka matsalar ta shafi kowace siga, alhali ta reshen unstable, inda sabbin sigogin manhajoji ke fara shiga, kaɗai ce ke da ita. Sai da mai kula da manhajar ya gyara bayanin, ya tambaye ni cikin ladabi wace siga na girka, na ji kunya ta rufe ni.

Mai kula da sabar:
Malam, aƙalla kai ka rubuta. Ni a Disamban 2023 na riga na sabunta injin gwajinmu zuwa kernel (zuciyar tsarin Linux) 6.1.64 kafin in ga rahoton cewa yana iya lalata bayanai a ext4, tsarin ajiye fayiloli a faifai, matsalar da ta sa aka fasa fitar da Debian 12.3, aka fitar da 12.4 ranar 10 ga watan. A daren na sake kunna injin da tsohon kernel, ina duba ajiyarmu ɗaya bayan ɗaya.

Ɗaliba:
Malamai, nawa ƙarami ne. An yi wa rahotona alamar moreinfo, wato ana neman ƙarin bayani daga wurina, ni kuwa imel ɗin ya faɗa cikin tarkacen saƙonni, ban gan shi ba sai bayan wata biyu, lokacin an riga an rufe ƙofar karɓar sauye-sauye.