Yaya zan hana kifin gwangwani dagargajewa a cikin taliya?

Jama'a, ina neman shawara. Da dare nakan dafa taliya da kifin gwangwani, don ba ta cin kuɗi, kuma cikin minti 20 an gama. Matsalar ita ce, da na zuba kifin a miyar tumatir na juya, sai ya dagargaje, a nemi tsoka a rasa, sai ƙarni. Na gwada sa shi bayan na sauke tukunya, amma ɗanɗanonsa bai ratsa taliyar ba.

Man cikin gwangwanin fa? In soya albasa da shi, ko shi ke kawo ƙarnin in tsiyaye shi? Sadin nake amfani da shi. Lemon tsami zai taimaka kuwa, kuma yaushe ake matsa shi?