Neman shawara: agogon Rado da mahaifinmu ya bari

Tambaya daga Garwa:

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar agogon hannu ƙirar Rado Diastar mai ruwan zinariya, wanda ya sayo a Jidda lokacin da ya sauke farali, kuma ya daɗe a cikin akwati ba a ɗaura shi ba. Idan aka girgiza shi yakan yi tafiya na ɗan lokaci ya tsaya. Yanzu ana shirin rabon gado, ni kuwa ina so agogon ya faɗo cikin kasona. Wani mai gyara a kasuwa ya ce jabu ne tun kafin ya buɗe shi, sannan ya nemi in sayar masa. Ta yaya zan tabbatar da ingancinsa, kuma wane irin gyara ya dace da shi?

Amsa daga wani dattijo mai gyaran agogo, Marwa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya gafarta wa mahaifinku. Wanda ya kushe kaya sannan ya taya, ba a karɓar shaidarsa a kan kayan, saboda haka ka ajiye maganarsa a gefe.

Kamfanin Rado yana garin Lengnau a ƙasar Suwizalan, kuma a shekarar 1962 ya fito da Diastar. Abin da ya bambanta shi shi ne ƙarfen da ya kewaye fuskarsa, wanda ake kira tangistan kabaid, ƙarfe mai nauyi da taurin da ƙarce ba ya kama shi cikin sauƙi. Ka ɗora agogon a tafin hannunka, za ka ji ya fi girmansa nauyi. Sannan ka fita da shi rana ka duba kewayen. Na asali, ko ya shekara arba'in a hannu, za ka same shi yana sheƙi, sai dai ko ɗan ɓallewa a gefe idan ya taɓa faɗuwa a kan siminti, domin ƙarfen yana da tauri amma yana ɓantarewa. Jabu kuwa za ka ga ruwansa ya koɗe, jan ƙarfe ko farin ƙarfe ya leƙo ta ƙasa.

Ka kuma duba ƙaramar alamar anga, wato ƙarfen da ake tsayar da jirgin ruwa da shi, da ke saman sunan Rado. A agogonsu masu wana kansu da motsin hannu, angar tana juyawa idan aka karkata agogon. Idan ba ta juya ba kada ka yanke hukunci, domin tsohon mai yakan daskarar da ita. Hukunci na gaskiya yana ciki. Injin irin waɗannan agogo na Suwizalan ne, galibi na kamfanin ETA ko A. Schild, da tambarinsu da lambar injin a buge kusa da ƙaramar ƙafar nan mai kai da komowa, kuma yawanci akwai sunan Rado a kan faifan da ke lilo yana wana agogon. A buɗe murfin a gaban idonka, ka ɗauki hoton ciki da lambobin bayan murfin kafin ka bar shi a hannun kowa.

Amsa daga wani ɗan kasuwa, Kusiri:

Ni a ganina, ɗan'uwa, kada ka wahalar da kanka. A cire tsohon injin a sa mai batir, a sake fentin fuskar, ka samu agogon da ba ya ƙarya a lokaci.

Dattijon Marwa ya sake cewa:

Alhaji, ka yi mini afuwa, amma wannan shawara ita ce ke kashe tsohon agogo. Ranar da aka cire injinsa, darajarsa ta tafi, kuma fuskar da aka sake wa fenti masu sani ba sa sayenta da daraja. Tsayawar da yake yi tana iya zama alamar bushewar mai, ga kuma ƙurar hunturu da ta samu hanyar shiga. Abin da yake buƙata shi ne a warware injin ɗaya bayan ɗaya, a wanke, a sa man agogo na musamman, ba man keken ɗinki ba, sannan a canja robar murfi da ta ɗan kan da ake murɗawa, domin zafin Garwa yana busar da roba. Duk abin da aka canja, ka ce a ba ka tsohon. Kafin nan ka daina girgiza shi, saboda injin da ke tafiya babu mai cin kansa yake yi. Bayan gyara ma ka riƙa cire shi lokacin alwala, kuma kada ka canja kwanan wata tsakanin ƙarfe tara na dare da uku na asuba, lokacin da haƙoran kwanan ke haɗe.

Amsa daga wani malami, Ngaundere:

Ɗana, agogon yana cikin dukiyar gado har sai an raba, don haka ko buɗe shi za a yi, ka nemi yardar sauran magada, kuma wani daga cikinsu ya kasance a wurin. A sa mutum biyu masu sanin kayan, waɗanda ba su da niyyar saye, su yi masa kuɗi a yadda yake yanzu kafin gyara, sai a cire wannan adadi daga kasonka, idan ya zarce ka cika wa 'yan'uwanka. Kuɗin gyara bayan haka naka ne kai kaɗai. Game da launinsa, idan ya tabbata cewa ba zinariya ba ce, kamar yadda aka san irin wannan agogo, babu laifi namiji ya ɗaura shi. Sai dai ka nuna wa maƙerin zinariya sarƙar, domin wasu sukan canja ta da wata bayan saye.