Musayar Waƙa: Pahari, Mutanen Tsaunin Himalaya a Indiya

Ɗalibin Dehradun:
Ku taho mu waƙe Pahari 'yan tsauni,
Garhwal, Kumaon da Kullu sun yi suna.
Gona a jikin dutse hawa bisa hawa,
Tamba suke shukawa, su ci da murna.
Hular Himachal, ga rawar Nati a fili,
Hannu da hannu, har faɗuwar rana.

Hajiya Mai Alƙalami:
Ƙanena, hula ka gani, ba ka ga baya ba,
Bayan da ke goyon ciyawa tsakar rana.
Maza sun gangara Delhi, wasu aikin soja,
Mata aka bar wa shanu da gona.
A Reni, cikin 1974, Gaura Devi ta miƙe,
Ita da matan gari, saran daji suka hana.

Sarkin Tafi: Hajiya ta gama magana! Allah ya ƙara basira. Ɗalibi, a koma aji.

Malam Na Aruli: A'a, a yi adalci. Hajiya, ɗangonki na biyar ɗingishi yake, gaɓoɓinsa sun fi na 'yan'uwansa. Wa ke cusa shekara cikin baiti?

Hajiya Mai Alƙalami:
Malam, zauna kana ƙirgen gaɓa da yatsa,
Can ƙauyuka an kulle, ba mai kwana.

Ɗalibin Dehradun:
Yaya, a fim ɗin Indiya kika san tsauni,
Ni ko a gindinsa nake yini in kwana.
Tsohon garin Tehri madatsa ta haɗiye,
Lantarkinta birane ke sha suna murna.
Pahari kan ce ruwan tsauni da samarinsa,
Ba tsaunin suke wa amfani ba, ki auna.

Baffa Jauro:
Yara, kun tsaya Indiya ta tsakiyar tsauni,
Poonch da Rajouri na yankin Kashmir fa, wa ya tuna?
A 2024 Pahari can suka samu gurbi,
Na ƙabilu, a makaranta da aikin gwamna.
Gujjar da Bakarwal, makiyaya, suka koka,
Kar rabonsu ya ragu, ni su nake ƙauna.

Sarkin Tafi: Baffa, makiyayi dai makiyayi yake bi! Ni har gobe ina bayan Hajiya.

Malam Na Aruli: Baffa, kai ma shekara? "Gwamna" kuma don ƙafiya kawai ka jawo shi, gwamnati kake nufi. A gyara kafin a ci gaba.